Sunan Nunziata a Ƙofar Gareji

Mai kai gas ya fi Fada sanin gidajen mutane. Shi Fada abin da aka ga dama ake gaya masa a coci. Ni kuwa har kicin nake shiga da tukunyar gas a kafaɗa, in durƙusa gindin murhu, in ga abin da aka tura can da tsintsiya. Shekara ashirin da shida ke nan ina wannan aiki a garinmu, ban taɓa fitar da maganar gidan kowa ba. Ta gidan Cataldo Caforio zan fitar yau, don da hannuna a ciki.

A watan Fabrairu rufin ɗakin yayarsa Nunziata ya rufto, a tsohuwar unguwa bayan coci. Allah ya sa tana kasuwa. Kafin la'asar ma'aikatan ƙaramar hukuma sun zo sun garƙama wa gidan kwaɗo, sun ce ba mai sake kwana a ciki. Ni na kwaso mata kaya a 'yar ƙurƙurata mai ƙafa uku: gado, keken ɗinki, kujera biyu, hoton iyayensu, da tukunyar ɗoɗɗoyar da take shukawa a taga. Sawu ɗaya ya ishe su.

Shekarunta sittin da uku. Ba ta taɓa aure ba. Ɗinki ta yi har ido ya gaza, daga nan sai katin tallafi da gwamnati ke zuba wa ɗan abin cefane duk wata. Da shi take ci, da shi take sayen gas a wurina.

Cataldo ya tsaya tsakiyar layi ranar, hannu a ƙirji, yana magana yadda har na bene za su ji.

"Yayata ba za ta kwana a titi ba muddin ina numfashi. Gidana gidanta ne."

Mata suka yi ta sa masa albarka daga baranda. Ni ma na ce a raina, ashe mutumin yana da zuciya.

Da muka isa gidansa sai ya ɗaga ƙofar gareji.

Gidan hawa uku ne. Na farko, a saman garejin, shi da matarsa Graziella. Na tsakiya a rufe yake, an ajiye wa 'yarsu da ke aiki a arewacin ƙasar, tana zuwa sati biyu a shekara. Na sama bulo ne tsirara, ba takardar izini, kowa ya sani ba mai faɗa. Garejin kuwa siminti ne da kwan wuta ɗaya da famfo a lungu. Har ranar ƙamshin man mota bai fita ba.

"Na ɗan lokaci ne, Yaya," in ji Graziella. "Kin san matattakala da gwiwarki ba sa shiri. Nan ko ba hawa ba sauka."

"Ya yi," in ji Nunziata. "Allah ya saka."

Ina durƙushe ina ɗaura mata gas a ƙaramin murhu na ji Cataldo ya sauke murya.

"Yaya, katin nan fa? Wannan ƙofar ko yaro ya ɗaga ta. Kawo in ajiye miki a sama."

"Yana jakata, ba abin da zai same shi."

"Haka kika ce da rufin ɗakinki. Kawo. Duk abin da kike so ki faɗa, Graziella ta sayo. Ke da ba kya ganin lambobin na'urar kanti ma sosai."

Ta buɗe jaka ta miƙa masa. Lambar sirrin tana rubuce a bayan hoton waliyyin garinmu, ita ma ta ba shi. Ya sa su a aljihun riga ya daddanna.

"Kuma maganar canjin adireshi ki bar ta tukuna. Sunanki ya zauna a tsohon gida. In aka rubuta ki a nan sai su haɗa ki da ni, su ga abin da nake samu, su yanke miki katin. Don ke nake faɗa."

Na ɗaure bakin tiyo, na gwada da ruwan sabulu, na tashi. Ba a tambaye ni ba.

Watan farko ba laifi. Na biyu na shiga na tarar da ita tana tuƙa wake da ganyen daji, ba ɗigon mai a ciki. A ƙasar nan da ko kare yake lasar man zaitun. Na ce, "Yaya Nunziata, azumi ai ya wuce."

"Likita ya hana ni maiƙo."

"Wane likitan? Na sama?"

Ta harare ni. "Oronzo, ɗaura gas ɗinka ka wuce. Bakinka ya fi tukunyarka nauyi."

A satin na ga Graziella a babban kanti. Kwandonta cike: nama, cuku, kofi, har da abincin kyanwa. Ta zaro katin ta danna lamba ba ko dubawa, alamar hannu ya saba. Da muka haɗa ido ta ce, "Cefanen Yaya ne."

"Ashe Yaya ta yi kyanwa."

Ta ɗauki kayanta ta wuce. Washegari Cataldo ya tare ni a shagon kofi na dandali, ya saya min kofi, abin da bai taɓa yi ba.

"Mutumina, na ji kana ƙirga min loma."

"Gani na yi."

"To ka gani da kyau. Wutar da take kunnawa wa ke biya? Ruwan fa? Garejin nan in haya na bayar, ka san abin da zan karɓa? Motata tana kwana a titi gishirin teku yana cin ta, saboda wa? Tukunya ɗaya muke, Oronzo. Abin da ya shigo gida na gida ne."

"In tukunya ɗaya ce me ya sa nata ba nama?"

"Haƙora gare ta?" Ya yi dariya shi kaɗai. Sai ya matso. "Bari in gaya maka abin da ya fi wannan. 'Yan sandan ƙaramar hukuma, masu farar hular nan, sun fara shinshina layinmu. In suka gano mutum yana kwana a gareji, fitar da ita za su yi su kai ta gidan tsofaffi, inda ake ɗaure mutum a gado. In kana ƙaunarta, wanda duk ya tambaye ka, ba ka san komai ba."

Wannan ba sai an koya min ba. Mu nan tun muna yara aka gaya mana, in mai kaki ya tambaye ka sunanka ma, ka ce bari ka tambayo a gida.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Wata tsohuwar maƙwabciyarta ta gaya wa Nunziata cewa duk waɗanda sunansu ke rubuce a gidajen da aka rufe za a goge su daga rajistar gari, sai wanda ya kai sabon adireshi. Wanda aka goge kuwa ba shi da kati, ba shi da likita, ba shi cikin layin masu jiran gidan gwamnati. Yana tafiya a titi amma a takarda babu shi. Sai ta shirya ita kaɗai ta tafi ofis. Aka ce mata tunda garejin yana da ƙofarsa da lambarsa, kuma tukunyarta daban, za a iya rubuta ta ita kaɗai, katin ba zai taɓu ba. Sa hannun mai gida kawai ake so. Gidan da sunan Graziella yake. Wata safiya Nunziata ta same ta tana shanya, ta tsaya mata da takarda da biro har ta sa hannu. Ko tausayi ne ko gajiya, oho. An ce ranar an ji muryar Cataldo har bakin titi.

Sauran kowa ya san shi. In ka kai sabon adireshi, cikin kwana arba'in da biyar ɗan sandan ƙaramar hukuma zai zo ba sanarwa. Ya duba sunanka a ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya gan ka da idonsa, ko maƙwabta su shaida. In ya gamsu, ka zauna. In bai gamsu ba, ya rubuta ba a same ka ba.

Farkon Yuli ta tambaye ni ko ina da salatif. Na ba ta wanda nake ɗaure rasit da shi. Washegari na ga 'yar takarda a jikin ƙofar garejin, an rubuta da manyan baƙaƙe masu karkata: NUNZIATA CAFORIO. Ita kuma tana zaune a gefe kan kujera, da baƙar rigarta ta zuwa coci, jaka a cinya.

"Wa ake jira, Yaya? Ko saurayin ne ya tuno hanya bayan shekara arba'in?"

"In ya zo ma kai zan fara aika wa ka kai masa gas. Don mai kawo wasiƙa na sa."

Na yarda. Na san dokar nan kamar kowa, kaina ne bai je can ba. Ita kuma ba za ta faɗa ba, don faɗar na nufin ta ce ita da ƙaninta ba sa ga maciji.

Kullum in na wuce da safe takardar tana nan. In na dawo da azahar babu. Rannan na ga dalili. Ta shiga ciki ɗauko ruwa, Cataldo ya fito zai shiga mota, ya sa farce ya ɓanɓare ta, ya dunƙule ya jefa a aljihu. Ko waiwaye bai yi ba. Da ta fito ta kalli wurin, ta koma ciki, ta dawo da wata.

"Iska ce," ta ce da ni, alhali ban tambaya ba. "Layin nan akwai iska."

Ganye ko ɗaya ba ya motsi ranar.

Haka ta yi Yuli gaba ɗaya. Zafin da ke korar kare ƙarƙashin mota, ita tana kan kujera tana bin inuwar bango. Ta daina zuwa kasuwa. Coci ma sai ta asuba, ta dawo da sauri. Ƙafafunta suka kumbura har takalmin ya daina shiga, ta koma silifa. Bayan gida ma a guje take zuwa. Graziella kan leƙo daga baranda ta ce, "Yaya, ki shiga ciki mana, mutane sai su ce korar ki muka yi." Ita kuma ta ce tana shan iska ne.

Kwana talatin da takwas ta yi a kan kujerar nan.

Sai lokacin dafa tumatir ya zo. Duk gida a nan cikin Agusta ake haɗuwa a gona a dafa na shekara a ɗura a kwalabe, kuma Cataldo yana da 'yar gona da rumfa wajen gari. Ina sauke tukunya a gidan da ke kallonsu na ji Cataldo da yayarsa.

"Yaya, tashi mu je. Kwando goma sha biyar na saya, zai lalace."

"Ku je ku. Sati ɗaya ya rage min."

"Ya rage miki na me? Wa ya san gishirinsa in ba ke ba? Graziella bara ta yi, rabin kwalaben suka fashe. Tun Inna tana da rai ke ce mai ɗurawa. Yanzu don kina gidana sai ki ce ba za ki taɓa mana aiki ba?"

Nan ya kama ta. Ta daɗe tana kallon takardar ƙofa. Ta danna salatif ɗin da babban yatsa, kusurwa huɗu, sannan ta shiga mota. Ya zagayo kamar zai duba taya, ya cire.

Kwana uku suka yi a gona. Graziella ta dawo a na biyu, wai kanta na ciwo. A na ukun, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ɗan sanda ya shigo layin da farar hularsa da fayil a hammata. Sabo ne, ba ɗan garin ba, yaro mai ladabi. Ko Cataldo ya san da zuwansa, ko sa'a ce irin ta mugu, har yau ban sani ba.

Ya tsaya gaban garejin ya duba sama da ƙasa. Ba suna. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya danna ƙararrawar babban gida, muryar Graziella ta fito ta 'yar na'urar bango.

"Yayar mijina ce. Takan zo mana yini. Ba ta nan."

Ya juyo ya gan ni ina ɗaure tukwane a ƙurƙura.

"Maigida, sannu da aiki. Kai kana shiga gidajen nan. Wata Nunziata Caforio, a nan take zaune?"

Na tuna gidan tsofaffi da gadon da ake ɗaure mutum. Na ce, "Yallaɓai, ni gas nake kaiwa. Ban san inda kowa yake kwana ba."

"Amma garejin nan, akwai mai zama a ciki?"

"Gareji ai na mota ne."

Ya yi rubutu, ya gode min, ya tafi. Ni kuma na hau ƙurƙura ina jin kaina kamar wanda ya ciro yaro daga rijiya.

Da yamma suka dawo. Na same ta ta riga ta manna sabuwar takarda ta fito da kujera. Hannayenta jawur har gwiwa, duk ƙunar ruwan zafi.

"Yaya, yau kin ci bashin godiya. Mai farar hula ya zo nemanki, na rufa miki asiri."

Ta ɗago a hankali. "Ya zo?"

"Da safe."

"Me ka ce masa?"

"Na ce gareji na mota ne."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta kalli hannayenta, ta kalli takardar. Ta ce, "Kwana talatin da takwas, Oronzo." Sannan ta miƙe ta ɗauki kujerar ta shiga da ita. A bakin ƙofa ta gaya min komai, cikin magana huɗu ko biyar, ba zagi ko ɗaya. Na tsaya da hula a hannu kamar jaki a ruwan sama.

Washegari ban kai wa kowa gas ba. Na ɗauke ta muka je ofis. Na gaya wa matar da ke bayan gilashi cewa ƙarya na yi, a rubuta. Ta ce maganar baki ba ta goge abin da jami'i ya rubuta, sai dai a sake cike takarda, mai gida ya sake sa hannu, a sake jiran kwanakin.

"Katin naki yana hannunki, Baba?" ta tambaye ta.

Na riga Nunziata amsawa. Na ce, "Ƙaninta ya sace."

"Ajiya na ba shi," in ji ta.

Matar ta kalle mu. Da gani ba yau ta fara jin irin wannan ba. Ta ce in an karɓe mata kati ana kashewa ba da sonta ba, ta je wurin 'yan sanda ta kai ƙara, a toshe shi. Ta rubuta mana abin da za mu faɗa.

Har bakin ofishin 'yan sanda na kai ta. Matattakala uku ce. Ta hau ta farko ta tsaya.

"Za su tambaye ni wane ne."

"Sai ki faɗa."

"Su rubuta sunansa."

"Shi ya rubuta naki ne?"

"Oronzo, shekararsa shida Inna ta kwanta ciwo. Ni na riƙe hannunsa ranar da ya fara zuwa makaranta. Wandon da ya yi aure da shi ni na ɗinka. In shiga nan in ce ɓarawo ne? Da wane bakin?"

"Da bakin da ba ya samun mai a wake."

Ta sauko daga matattakalar. "Kai ni gida."

A hanya na ce to ta dawo gidana. Muna da ɗakin da ɗana ya bari, matata Mimina ta yarda tun daren jiya. In sa sunanta ƙarƙashin nawa a ƙofa, da ƙusa, in ga wanda zai cire.

"Mutane su ce Cataldo ya kori yayarsa, bare ya ɗauka?"

"Ai gaskiya za su faɗa."

"Shi ya sa," ta ce.

Na yi mata faɗa ranar, faɗa sosai, har na ce mata taurin kanta ne zai kashe ta. Ta bar ni na gama. Da za ta sauka ta ce in gaida Mimina.

Graziella ba ta sake sa hannu ba. Na same ta da kaina, ta ce, "Ni aure nake, Oronzo. Wancan ma na sha abin da na sha. Kai in ka gama magana gidanka za ka tafi." Cataldo kuwa cewa ya yi, "In mai farar hula ya shiga garejin nan, sama zai ɗaga kai ya ga bene. A rushe min ginin shekara goma saboda takarda ɗaya? Ta ci ta sha ta kwanta, me suna zai ƙara mata?"

Kafin ƙarshen kaka aka goge ta. Ba wanda ya zo ya faɗa mata, don wasiƙar tsohon gida aka kai, ta faɗa bayan ƙofa mai kwaɗo. A kantin magani ta ji. Ta je karɓar ƙwayoyin zuciya da take sha shekara tara, yarinyar kantin ta ce takardar likita ta ƙare, likita kuma ya ce ba ya ganin sunanta a cikin mutanensa. Ta koma saye da ɗan abin da take samu na gyaran wando da cin bakin siket. Ta koma raba ƙwaya biyu da wuƙa.

Katin ya mutu a watan Nuwamba. Graziella ce ta fara sani, a gaban layin mutane a babban kanti. Ina garejin ina duba tiyo Cataldo ya shigo ya jefa shi kan gado.

"Ga katinki, tunda shi kike so. Kin ga abin da yawon ofis ɗinki ya jawo? Da kin zauna inda na ajiye ki da yanzu yana aiki. Yanzu wa zai ciyar da ke? Ni dai, ko? Kullum ni."

Ta ɗauki katin ta goge shi da gefen riga ta sa a jaka.

"Ka yi haƙuri," ta ce masa.

Na miƙe da sifana a hannu. Ban san abin da fuskata ta nuna ba, amma ya fita da baya.

Daga nan kwanon da ake sauko mata da shi ran Lahadi ya koma wani Lahadin. Aka cire kwan wutar aka sa ƙarami. Sanyi ya shigo, garejin ya zama kamar cikin randa. Na kai mata hita mai aiki da gas, na ce wani ne ya bar min. Mimina tana aika miya. In na dawo bayan sati biyu in ɗaga tukunyar in ji ta da nauyinta.

"Ba kya kunnawa."

"Ina kunnawa in baƙi sun zo."

"Waɗanne baƙi?"

"Kai mana."

Kuma kullum da safe, har a watan Disamba, takardar tana jikin ƙofa. Ba wanda zai zo dubawa, ta sani. Cataldo ma bai fasa cirewa ba. Sun mai da shi kamar gaisuwar safe.

Ranar sha ɗaya ga Janairu na zo da hantsi na ga ba takarda. Na ɗaga ƙofa. Tana kwance da rigar sanyi biyu, numfashi kamar ana jan zarto. Na kira motar asibiti, na bi su har asibitin birnin Taranto. A teburin karɓa aka tambayi adireshinta. Na faɗi layi da lamba. Mutumin ya duba na'ura ya ce, "Nan an rubuta ba ta da mazauni." Na ce ya rubuta abin da na gaya masa. Sun karɓe ta, sun yi iya yinsu, ba zan ɗora musu ba. Huhu ya riga ya cika, zuciya kuma ta gaji da rabin ƙwaya. Kwana huɗu ta yi.

Cataldo ya yi kuka a jana'iza har sai da aka riƙe shi. Furen da ya saya ya fi na kowa girma. Ba zan ce kukan ƙarya ba ne, ban shiga zuciyarsa ba. Na dai san kuɗin furen nan zai sayi ƙwayar shekara.

A nan in mutum ya mutu ana buga takardar sanarwa mai baƙin gefe, a manna a dandali da bakin coci da ƙofar gidan mamaci. Mai mannawa ya zo da bokitin gam da burushi ya tambayi Cataldo inda za a sa. Da hannunsa ya nuna ƙofar garejin. Faɗin takardar ya kai tabarmar yaro. NUNZIATA CAFORIO, da baƙaƙen da za a karanta daga bakin layi. A ƙasa an rubuta cewa ta cika a cikin kulawar ƙaninta da iyalinsa masu ƙaunarta.

Bayan sati na je ɗaukar tukunyata da hitar. An riga an tura gadon gefe, motar ta koma mazauninta. A kan keken ɗinki na ga gwangwanin biskit. Na buɗe. Katin ne a sama, a ƙasansa 'yan takardu yankakku daidai wa daida, irin yankan mai ɗinki, kowace da sunanta. Sun fi tamanin. Ta yi tanadin har bazara.

Ina fitowa da tukunya a kafaɗa sai ga ɗan sandan nan mai farar hula, ya zo duba wani gida a layin. Ya tsaya gaban takardar ya karanta. Ya buɗe fayil kamar zai nemi wani abu, ya rufe. Ya gane ni.

"Maigida, wannan ba ita ce na zo nema ba cikin Agusta?"

"Ita ce."

"Ashe a nan take."

"A nan take, yallaɓai. Wata goma sha ɗaya. Ga inda gadonta yake, ga famfonta, ga inda take ajiye kujera tana jiran ka. Ni na kawo ta, ni nake kai mata gas. Ka rubuta."

Ya ce ba sauran inda zai rubuta.

Takardar ta yi wata biyu a ƙofar. Cataldo yana wuce ta safe da yamma, yana ɗaga ƙofar da ita a jiki ya fitar da mota. Bai taɓa sa mata farce ba. Ruwan Maris ne ya cire ta.